Shin ra'ayin ƙaramar hukuma yana iya hana a ba da izinin gini a birnin Sakkwato?

Sakataren Ƙungiyar Unguwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana harkar filaye da tsara gari su yi mana bayani a kan wata matsala da ta taso a unguwarmu, ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka bunƙasa a gefen birnin Sakkwato. Akwai wani fegi a bakin layinmu wanda tun lokacin da aka yanka filayen wurin kowa ya san na gidan zama ne, kuma ta gefensa na gabas ruwan sama yake bi ya gangara zuwa kwalbatin babban titi. Wanda ya saye shi ya fito da niyyar gina jerin shaguna, da gidan burodi daga baya. An sauke yashi da tsakuwa, an kafa turaku an ja igiya, kuma duk wanda ya dubi inda igiyar ta bi ya san harsashin ginin zai ci hanyar ruwan, ya kuma matse layin har mota ba za ta iya juyawa ba.

Mun kai kukanmu ga mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da kansilan mazaɓarmu. Kansila ya zo ya gani da idonsa ya ce bai yarda ba, daga bisani ya shaida mana cewa shugaban ƙaramar hukuma ma bai goyi bayan aikin ba. Mai fegin kuwa ya gaya mana cikin ladabi cewa ba shi da wata magana da ƙaramar hukuma, domin ya miƙa zanen gininsa ga hukumar tsara birane ta jiha, amsarta kawai yake jira.

Abin da muke son sani shi ne, mene ne nauyin maganar ƙaramar hukuma a irin wannan lamari? Idan ta ce ba ta amince ba, wajibi ne a hana izinin, ko kuwa ana iya ba da shi duk da haka? Idan kuma akwai hanyar da ra'ayinta zai yi tasiri, muna son sanin ta kafin damina ta kama.

Tsohon Jami'in Tsara Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, ra'ayin ƙaramar hukuma shawara ce da ake dubawa, amma sa hannu a kan izinin gini yana wurin gwamnatin jiha. Saboda haka a fuskar doka mai fegin bai faɗi ƙarya ba, ko da yake bai faɗi dukan maganar ba.

Tushen abin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sannan ta raba kulawa da ita gida biyu. Filayen cikin birni gwamna ne ke kula da su, kuma shi ne ke da ikon ayyana inda za a kira birni. Sauran filayen suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda take iya ba da takardar mallaka ta gargajiya don noma ko zama ko kiwo, muddin filin noma bai wuce hekta 500 ba, na kiwo kuma bai wuce hekta 5,000 ba, sai da yardar gwamna. Don haka abu na farko da ya kamata ku tabbatar a ma'aikatar filaye shi ne ko unguwarku ta faɗa cikin iyakar birni. Idan ta faɗa, to hannun ƙaramar hukuma a kan filin kansa ya takaita ƙwarai.

Mutane da yawa suna ganin wannan tsari a matsayin ƙwace iko, amma wanda ya san yadda Sakkwato ta faɗaɗa zai ga dalilinsa. Birnin ya daɗe da fin ƙarfin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Arkilla da Kalambaina suna cikin Wamakko, Dambuwa tana cikin Dange Shuni, More tana cikin Kware, alhali duk wanda ke zaune a waɗannan wurare ɗan birni yake ɗaukar kansa. Titi ɗaya yana ratsa ƙananan hukumomi biyu ko uku, ruwan da ya taso daga wata unguwa kuma a wata ƙaramar hukumar yake kwana. Da kowace za ta riƙa ba da izini da nata ma'aunin, da ba za a taɓa samun magudanar da ta haɗu da 'yar'uwarta ba.

Gaskiya ne cewa dokar tsara birane ta tarayya, Doka ta 88 ta 1992, ta yi niyyar a samu hukumar tsarawa a matakai uku, wato tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kowace da sashen kula da gine-gine. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar a kan gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Tun daga nan kowace jiha take tafiya da dokarta, kuma a nan Sakkwato hukumar tsara birane ta jiha ce ke duba zanen gini a cikin birni.

Yanzu ga inda mai fegin bai ƙarasa magana ba. Takardar mallaka daban, izinin gini daban. A jikin takardar mallaka ana rubuta abin da aka ba da filin dominsa, kuma wanda aka ba fili don gidan zama ba ya mayar da shi shaguna da gidan burodi sai ya nemi canjin manufa an amince masa. A daidai wannan gaɓa ce ake auna ko sabon amfanin zai cutar da maƙwabta, ko zai toshe hanya, ko zai tare ruwa, kuma a nan ne bayanin ƙaramar hukuma yake da amfani. Amma jami'in da ke duba fayil ba ya aiki da abin da aka faɗa a bakin layi. Yana neman dalilin da zai iya rubutawa ya kare kansa da shi gaban shugabansa, ko gaban alƙali idan mai fili ya kai ƙara. Cewar kansila bai yarda ba, ko ciyaman bai ji daɗi ba, ba ta shiga fayil. Wasiƙar da ta ce harsashin ya shiga hanyar ruwa da mita kaza, tare da kwafin taswirar yankan filayen da hotunan turakun, ita ce take tsayar da alƙalami.

Tsohon Kansila ya amsa:

Ranka shi daɗe, na yarda da bayanin da ka yi a kan doka, amma ina ganin an rage wa ƙaramar hukuma ƙarfi fiye da yadda take. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta ƙarara. Daga ciki akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su, kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Kuma jadawalin ya ambaci kula da shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi da sunansu. Wannan matsala ta Malam Sakatare ta haɗa uku daga ciki: magudana, shaguna, da gidan burodi. Ko da jiha ta amince da zanen gini, mai burodi ba zai kunna tanda ya sayar wa jama'a ba tare da duba-gari sun leƙa wurin ba. Mai hankali ba zai kashe miliyoyi a kan ginin da ya san hukumar da za ta kula da sana'arsa ta riga ta rubuta cewa wurin bai dace ba.

Shawarata ita ce kada ku tsaya a kan maganar baki ta kansila, ko da kuwa mutumin kirki ne. Ku rubuta masa koke da sa hannun magidanta, ku nemi ya gabatar da shi a zaman majalisar kansiloli domin ya shiga cikin bayanan zama. Ku nemi daraktan ayyuka ya turo ma'aikaci da tef ya auna faɗin layin da na hanyar ruwan, duba-gari kuma su rubuta rahoto a kan hayaƙi da tara itace kusa da gidajen mutane. Sannan wasiƙar ta fita a kan takardar hukuma, da hatimi da lambar fayil. Ku kuma sanar da uban ƙasa ta hannun hakimi, domin ko da yake gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya cire ikon zartarwa daga hannun sarakuna, har yau da wuya a yi cinikin fili a gefen gari ba da sanin mai unguwa ba, kuma shi ne ya fi kowa sanin inda ruwa yake bi tun wurin yana gona.

Akwai abubuwa biyu da suke raunana muryar ƙananan hukumomi, kuma ya kamata a faɗe su. Na farko, shugaban da naɗa shi aka yi a matsayin kantoma yana jin nauyin rubuta wa wata hukumar jiha cewa bai amince ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai doka ta sani, zai iya rage wannan, amma bai ƙara musu ko da taku ɗaya na iko a kan izinin gini ba. Na biyu ya fi ciwo. Ƙaramar hukumar da take yanka rasit ga masu kafa rumfuna da kwantena a kan lambatu don neman kuɗin shiga, da wane baki za ta ce wani ya toshe hanyar ruwa? Jami'an jiha suna ganin wannan, kuma yana rage darajar wasiƙar da ta fito daga can.

Malama Mai Nazarin Tsara Birane ta amsa:

Ina gaishe da iyayena da suka riga ni magana. Ina so in kawo misalin Ingila, domin dokar tsara gari da Turawa suka kafa mana a 1946 daga tasu ta 1932 aka ɗauko ta, kuma su ma suna fama da irin wannan tambaya har yau.

A can, majalisar gunduma ce ke ba da izinin gini, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙananan majalisu na ƙauyuka da garuruwa. Idan aka nemi izini, ana sanar da majalisar ƙauyen da abin ya shafa, a ba ta kwana 21 ta faɗi ra'ayinta, kamar yadda ake sanar da maƙwabta. Ba ta da ikon hanawa. Gunduma tana iya ba da izini ko da majalisar ƙauye ta ƙi, kuma hakan yana faruwa. Abin da doka ta wajabta shi ne a yi hukunci bisa tsarin raya yankin da aka riga aka amince da shi, sai in akwai wani dalili mai nauyi da ya shafi tsara gari. Cunkoson motoci, ambaliya, hayaniya, tare wa maƙwabci haske, leƙa cikin gidansa, duk ana saurarensu. Amma cewa darajar gidana za ta faɗi, ko mai ginin ba mutumin kirki ba ne, ko sabon shago zai kashe mini kasuwa, ba a ɗaukar su a matsayin hujja, ko da mutum ɗari suka sa hannu. Idan aka hana mai nema, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga sufetocin gwamnati, shi ya sa gunduma take tsoron hana izini ba tare da dalili mai ƙarfi ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar da suka yi a 2011. Ta ba majalisar ƙauye damar rubuta tsarin raya yankinta, ta nuna inda za a yi gidaje da inda za a bari fili, a kai shi ga ƙuri'ar mazauna. Idan fiye da rabin masu jefa ƙuri'a suka amince, tsarin yana zama wani ɓangare na ma'aunin da gunduma za ta yi hukunci da shi. Ta haka ra'ayin ƙauye yake samun ƙarfi tun kafin wani ya zo da zanensa.

Ba ina cewa mu kwafi nasu ba, domin yawancin filayen gefen Sakkwato gonaki ne da magada suka yanka suka sayar ta hannun dillalai kafin safiyon gwamnati ya iso. Amma darasin ya shafe mu. Tun ran gini ran zane. Ƙananan hukumomin da birni ke shiga cikinsu sun fi buƙatar su zauna da hukumar jiha tun wuri yana fili, a fitar da hanyar ruwa da wurin makaranta da maƙabarta da kasuwa a kan taswira, maimakon su jira sai an sauke bulo sannan a fara rubuta koke. Abin da muka rasa kuma shi ne wajabta sanarwa: da ana manna takarda a jikin fegi a ba maƙwabta wa'adi, da ba sai sun ga tifa ta juye yashi za su san abin da ake shiryawa ba.

Injiniyan Gine-gine ya amsa:

Ina ganin ya dace wani ya tsaya a gefen mai fegin, domin ba ya nan. Mutum ne da ya sayi fili da kuɗinsa, kuma maimakon ya tashi gini da dare kamar yadda wasu suke yi, ya kai zanensa inda doka ta ce. Wannan abin yabo ne. Ni ba na goyon bayan a mayar da ra'ayin ciyaman ko kansila ya zama shi ne hukunci, domin ranar da aka yi haka, izinin gini zai koma hannun siyasa: ɗan jam'iyya ya gina a tsakiyar hanya, ɗan adawa kuma a hana shi ko da katanga. Kujerar kansila ta 'yan shekaru ce, gini kuwa har jikoki.

Duk da haka, maganar hanyar ruwa ba abin wasa ba ce. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar da ta haɗa gari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ya san abin da mutanen Mabera suka sha a damina, ba zai raina ta ba. A unguwa kuwa ba sai kogi ya cika ba. Idan aka tare mashigar ruwa da harsashi, ruwan zai juya ya kwanta a gindin katangar da ta fi ƙasa, ya jiƙa bulon, gishiri ya fito a jikin filasta, bayan damina biyu ko uku katangar ta fara tsagewa. Shi kansa mai shagunan ba zai tsira ba.

Tun kafin dokar 1978, malamanmu suna karantar da cewa ba a cutarwa kuma ba a rama cuta da cuta, kuma fiƙihun Malikiyya ya hana mutum yin abin da zai cutar da maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne, kamar buɗe tagar da za ta tona asirin gidan wani. Da wannan za ku fi saurin shawo kansa. Sau da yawa hukumar tsarawa ba ta tsayawa a kan e ko a'a kawai, tana ba da izini bisa sharaɗi. Ana iya ja da ginin baya, a rage shago ɗaya, a gina lambatu mai murfi a gefen gabas da kuɗin mai ginin, a ɗaga bututun hayaƙi ya wuce rufin maƙwabta. Idan wasiƙar ƙaramar hukuma ta zo da irin waɗannan sharuɗɗa, ta fi samun karɓuwa a kan wadda ta ce a hana kawai.

Sakataren Ƙungiyar Unguwa ya sake rubutawa:

Allah shi saka muku da alheri baki ɗaya. Za mu zauna da dattawan unguwa a kan shawarar Injiniya, domin ba mu da wata gaba da mutumin, kuma shagunan ma za su amfane mu idan aka bar wa ruwa hanyarsa. Saura tambaya ɗaya ga Baba tsohon jami'i. Idan ya fara haƙa harsashi kafin amsa ta fito, ko kuma aka ba shi izini kafin wasiƙar ƙaramar hukuma ta isa, mene ne ya rage mana?

Tsohon Jami'in Tsara Gari ya amsa:

Malam Sakatare, miƙa zane ba izini ba ne. Idan ya fara aiki kafin a amince, ku sanar da sashen kula da gine-gine na hukumar jiha a rubuce a ranar. Suna da ikon ba da umarnin dakatar da aiki, shi ne jan fentin da kuke gani a jikin wasu katangu, kuma tsayar da gini yana matakin rami ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan rushe shi bayan ya kai linta. Ku ja kunnen matasa kada wanda ya taɓa turaku ko ya tare lebura, domin hakan zai mayar da ku masu laifi.

Kada kuma ku jira wasiƙar ƙaramar hukuma ita kaɗai, tunda takarda tana iya daɗewa a kan tebur. Ku kai naku koken kai tsaye a matsayinku na maƙwabta, ku ambata cewa na ƙaramar hukuma yana tafe, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Idan an riga an ba da izini, ku rubuta wa kwamishinan filaye ku nemi a sake dubawa, kuna nuna cewa ba a yi la'akari da hanyar ruwa ba ko ba a bi ƙa'idar canjin manufa ba. Bayan wannan sai Babbar Kotun Jiha, inda lauya zai iya neman umarnin tsayar da aiki har a saurari ƙara. A can ma abin da za a fara tambayarku shi ne taswirar yankan filayen, da rahoton awon daraktan ayyuka, da shaidar ranar da kuka fara kai kuka, don haka ku buɗe musu fayil ɗaya a hannun ma'ajin ƙungiya tun wannan mako.